Layin Mata a Ƙofar Kasuwa

Ƙarfe goma saura kwata, Na'imatu na tsaye a ƙofar kasuwa cikin kakin 'yan sa-kai, tana caje mata ɗaya bayan ɗaya. Sai ga Maharazu tare da mahaifiyarsa, wadda ta rantse ɗanta ba zai auri mai kaki ba.

Ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Don Allah ki bar ta ta wuce. Yau kaɗai."

Na'imatu ta dube shi, ta dubi layin. Ta rusuna.

"Ina kwana, Inna. A ɗaga mayafi, a buɗe jaka."

Maharazu ya runtse ido.

Inna ta ɗaga mayafi, ta buɗe jaka har aka gama. Sannan ta ce, "Kin san ko ni wace ce?"

"Na sani, Inna."

"Kuma kika caje ni?"

"Ko wadda ta haife ni ce, sai na duba."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta. "Da akwai irinki a nan ranar da bam ya tashi, da yayansa yana raye." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma buɗe idonka. Je ka ce wa baffanka ya nemo goron neman aure."