Mai Karya Shaf

"Ya sake karyewa?" Lachlan ya tambaya, bakinsa har kunne.

Noelene makanikiya ta fito daga ƙarƙashin 'yar motarsa ta tsere, riƙe da shaf ɗin da ke juya tayar gaba, ya rabu biyu. Na huɗu ke nan bana, ga gasar garin Dubbo saura kwana biyu.

"Ƙafata ce ba ta da tausayi," ya faɗa da ƙarfi, don mutanen gareji su ji. "Ba a ƙera ƙarfen da zai jure tuƙina ba tukuna."

Karyayyun ukun ma a falo ya rataye su, kowane baƙo sai ya sha labari, alhali a gasar tsere bai taɓa wuce matsayi na tara ba.

Noelene ta ɗaura sabo, ta goge hannu.

"Malam, yadda kake lallaɓawar nan, ko muciya na saka maka sai ta shekara."

"To wa ke karyawa?"

"Mahaifiyarka. Duk Lahadin da ta ari motar wai za ta coci, filin tsere take nufa. Kofinta uku yanzu. Ta ce kar a gaya maka, wai zuciyarka ba ta da ƙwari."