A Kira Mini Mai Girkin Nan

"A kira mini wanda ya dafa miyar kifin nan!" Saramma ta daki teburi, har sauran fasinjojin jirgin ruwan suka waiwayo. Loma ɗaya ta kai baki ta ture kwanon.

Aka turo kuku, yana ta jan hula yana rufe fuska. Biju ne, ɗanta, wanda ya gaya wa duk ƙauyensu shi mataimakin kyaftin ne.

"Mama, ki yafe mini ƙaryar da…"

"Rufe mini baki! Tun ranar da na ga tabon mai a hannunka na san kuku ne kai, ban ce uffan ba. Amma miyar uwata? Da tsamiya na koya maka, mara kunya! Uban wa ya ce ka zuba tumatir?"