Shingen Hanyar Cap Estérias

Bayan faɗuwar darajar kuɗin sefa, ana tsakiyar kamen baƙi, Kawu, ƙanen innata, ya ɗauke ni daga unguwar Mont-Bouët zuwa bakin teku a Cap Estérias in yi wasa a farin yashi.

Jandarmomi suka tsayar da motar hayarmu. Shi yana da katin zama, ni ba takarda. Da aka nuna ni, Kawu ya gyara tabarau ya kalli taga.

"Ban san ta ba."

Wata tsohuwa mai sayar da kifi da ke cikin motar ta jawo ni kan cinyarta, ta dubi jandarman. "Jikata ce, ɗana, ƙyale ta." Zanenta na ƙamshin hayaƙi.

Har yau Kawu na gaya wa mutane shi ya raine ni. Nakan gaishe shi a tsaye.