Mabuɗin Gwangwanin Inna

"Nusaiba! Kin sake barin shi da ruwa!"

Inna Baraka ta tsaya a ƙofar madafa, tana hararar mabuɗin gwangwanin da ta saya a kasuwar Gummi tun tana amarya. Bai taɓa tsatsa ba, don kullum sai ta goge shi ta shafa mishi man gyaɗa.

Ɗiyarta ko waigowa ba ta yi ba, ta juye tumatir a tukunya.

"Da ke nake magana!"

Nusaiba ta daskare. Ta ɗauki mabuɗin, ta goge shi da gefen zaninta.

"Lafiya?" in ji mijinta Labaran.

"Tun da aka binne Inna, in na bar shi jiƙe, sai in ji muryarta a bayana."