Farantin Buhara da Robar Kindirmo

Mafrat ba ta sauko da farantin mahaifiyarta sai ranar addu'ar tunawa da marigayiyar, ko in an yi babban baƙo. Faranti ne na yumɓu, faffaɗa, mai shuɗin zane, wanda tsohuwar ta naɗe a bargo ta rungumo tun daga garinsu Buhara har unguwar Rego Park, inda suka yi ƙaura. Ranar Lahadin nan ta sauko da shi, domin ƙanenta Yuno zai kawo abokan aikinsa cin abincin rana a gidan abincinta.

Kowa a unguwar ya san gidan Mafrat. Yahudawan Buhara, har tsofaffi masu tsantseni, suna shiga su ci ba tambaya, don sun san nama da nono, waɗanda addininsu ya hana a haɗa, ba su taɓa haɗuwa a kicin ɗinta ba. Ko shayi ba a sa masa madara. Mace ce da in ta ce maka abu tsarkakakke ne, to, ka ci ka yi barci.

Yuno kuwa mutumin kirki ne, amma komai a wurinsa "ba komai" ne.

"Yaya, yau ki fitar da ni kunya!" ya faɗa tun daga bakin ƙofa.

"Zauna, sarkin ci. Tumbinka ya riga ka shigowa."

Ta kai su ɗakin baƙi na bayan labule, ta dire farantin cike da manti, ƙullin fulawa da naman rago a ciki, yana ta tururi. Baƙi suka hau santi. Ta koma ɗauko burodi daga tanderu.

Da ta dawo, sai ta ga fari fat a kan naman. Ashe Yuno ya shigo da robar kindirmo a aljihun kwat, ya juye ta kaf, kindirmon yana narkewa yana bin zanen farantin.

"Yuno! Me ka yi?"

"Haba Yaya, manti ba kindirmo ai horo ne. Haka muke ci a gidan maƙwabta muna yara. Ba komai!"

Mafrat ba ta yi masa faɗa a gaban baƙi ba. Ta ɗauke farantin, ta fita da shi ta ƙofar baya don kada ya taɓa komai a kicin. Rahmin mai dafa abinci ya biyo ta.

"Uwar ɗaki, a wanke shi tas a mayar. Wa ya gani?"

"Ni na gani," in ji ta. "Ƙarfe a tafasa shi ya tsarkaka. Yumɓu in ya sha nama da nono da zafi, ya sha ke nan. So kake in zuba wa dattawa abinci a ciki ranar addu'ar Inna, suna sa mini albarka ina cutarsu?"

Ta kira malamin addininsu da ke duba kicin ɗinta, ta faɗa masa komai. Ya ce a tafasa cokulan, amma farantin ya gama aiki. Sannan ta tsaya a tsakiyar masu cin abinci ta sanar da su abin da ya faru da bakinta. Wani tsoho ya ɗaga kofin shayinsa ya ce, "'Yar nan, shi ya sa muke zuwa."

Yuno ya same ta a baya tana share hawaye.

"Yaya, ki yi haƙuri. Zan sayo miki wani, wanda ya fi shi."

"To, sayo. Amma ka tabbata wanda Inna ta rungumo ne."

Ranar addu'ar ta zo. Dangi suka cika gidan, aka zubo shinkafa da nama a farin tire na kanti. Farantin Buhara yana rataye a bango, an goge shi yana ƙyalli, ba mai sake ci a cikinsa har abada. Kujerar Yuno tana fuskantarsa. Kowa ya ci ya ƙoshi, shi kuwa ya ture abincinsa gefe, idonsa na kan farantin.

Mai karatu, in ka shiga gidan mutane, ka girmama dokarsu ko da ba ka ga amfaninta ba. Abin da kake cewa "ba komai" yana iya zama abin da wani ya kwashe rayuwarsa yana tsarewa, kuma ba haƙurin da za ka bayar da zai dawo da shi.