Agwagwar Kaka da Kunama

A shekarar da aka samu 'yancin kai, ko lakol, makarantar boko, ban shiga ba, kakata tana da wata baƙar agwagwa a gidanmu na Gangara. Baba ya tsane ta, don kullum sai ta ɓata masa wurin alwala. Ya ce ran kasuwa za ta bar gidan.

Wata rana da la'asar, ƙanena yana barci a inuwar rumbu, sai ga kunama ta fito, ta ɗaga ƙari, ta nufi ƙafarsa. Agwagwar ta taho tana rangaji, ta cafke ta, ta girgiza, ta haɗiye.

Na ce, "Kaka, mutuwa za ta yi?"

"Wace mutuwa, 'yar nan? Abincinta ta ci. In ubanki ya dawo, ki gaya masa da bakinki."

Har magariba ina biye da agwagwar, ina kallon wuyanta, ina jiran ta faɗi. Ita kuwa ruwan rariya ta shiga tana wanka.

Baba dai da ya ji, wurin alwala ya sake, ya bar agwagwar a gida. Ni ga furfura a kaina, har yau ban san inda dafin nan ya shiga ba.