Makauniyar da Aka Nemo wa Ɗanta a Ƙetaren Tafki

Kin ce ƙungiyar da ta ɗauke ki aiki ta yi girma, har kina jin kanki kamar ƙwayar gero a cikin rumbu. To zauna, 'yata, in ba ki misali.

An yi wata mata da ke aiki da irin wannan babbar ƙungiyar agaji mai rassa a ƙasashen duniya. Ita ba likita ba ce, ba ta kuma raba hatsi. Aikinta shi ne haɗa waɗanda gudun hijira ya raba. Wata rana a sansani ta tarar da wata tsohuwa makauniya zaune a bakin rumfar leda, an ajiye mata kunu har ya huce, ba ta taɓa ba. Ashe ranar da aka kai wa garinsu hari, ɗanta ya sa ta a kwalekwalen maƙwabta da za su tsere ta tafki, ya koma ɗauko matarsa mai tsohon ciki. Tun daga ranar ba ta sake jin muryarsa ba. Babu hoto, babu lambar waya. Abin da ta iya faɗa shi ne sunansa, irin sunan da kowane gida akwai mai shi, sai cewa masassaƙin jirgin ruwa ne, kuma yana i'ina idan abu ya cika masa zuciya. Mutanen sansani sun sha ba ta haƙuri, suna cewa a yi masa addu'a kawai. Ita kuwa sai ta ce, "Da ya mutu, da jikina ya gaya mini."

Matar nan mai aikin agaji ta bi rumfa-rumfa, ta bi sansanonin da ke kusa, har takalminta ya cinye. Babu labari. Ikonta kuma a bakin iyaka ya tsaya, ba ta da hurumin ƙetarewa. Sai ta aika wa abokin aikinta na ƙasar da ke ƙetaren tafki, mutumin da ba ta taɓa gani ba, wanda ko Hausa ba ya ji sai da tafinta. Shi ma ya nema bai samu ba, amma bai bar maganar ta kwanta ba, ya gaya wa masu tuƙa jiragen da ke kai magani tsibirai. Ɗaya daga cikinsu ya isa wani tsibiri, ya ba wata ungozomar ƙungiyar labari, baƙuwa daga wata ƙasa mai nisa. Nan take ta tuna da wata haihuwa da ta karɓa, inda uban jaririyar ya tsaya a bakin ƙofa yana ta kokawa da kalmar godiya ta ƙi fita. Sai dai sun tashi daga tsibirin, an ce sun nufi wani garin kasuwar kifi. A garin nan akwai mai gyaran famfunan ƙungiyar. Da saƙo ya iske shi, duk ranar da ya tashi daga aiki sai ya gangara bakin ruwa, duk inda ya ji saran gizago ya nufi wurin ya yi sallama.

Damina ta wuce, aka yanke gero, sannan waya ta shigo daga garin kasuwar kifin nan. Matar nan ta ruga rumfar tsohuwa, ta kara mata wayar a kunne. Daga can babu abin da ake ji sai numfashi, da wata murya tana ta faman "I... I... Inna." Tsohuwa ta dafe wayar da hannu biyu ta ce, "Yi a hankali, ɗan nan, ba inda za ni." Da ta ji an sami mace kuma an sa mata sunanta, sai ta rangaɗa guɗar da ta fito da mata daga rumfunansu.

A motar ƙungiya aka kai ta bakin iyaka. Matar nan ta riƙo hannunta har zuwa shinge, ta danƙa shi a hannun abokin aikin nan nata, ranar ce ma suka fara ganin juna. Ba ta ga haɗuwar uwa da ɗa ba, labari ta ji. Amma da direba ya tambaye ta a hanyar dawowa wa ya gano mutumin nan, sai ta gyara zaman rigar aikinta, ta ɗaga kai ta ce, "Mu ne."

To kin ji. Da ita kaɗai ce, da neman ya ƙare a bakin iyaka. Ki riƙe naki gefen da kyau, akwai wanda ba ki sani ba yana riƙe da ɗaya gefen. Shi ya sa Hausawa suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.